Balbela da Shamuwar Sanyi

A cikin masu zuwa kallon tsuntsaye a bakin tafkunan hukumar ruwa, mutum ɗaya ce ke tafiya kanta a sunkuye. Sauran duk wuyansu a sama yake, ko idonsu a kan ruwa, har wani kan yi tuntuɓe ya juyo ya harari dutsen. Ita kuwa ƙasa take kallo. In ta ga dutse a tsakiyar hanya, sai ta sa gefen takalmi ta ture shi cikin ciyawa. In ta iso inda ruwan damina ya zaizaye, sai ta tsaya ta auna abin da ya rage da tafin ƙafarta, washegari a gan ta da ɓaraguzan bulo a leda tana cikewa. Abokan tafiyarta sun ɗauka kunya ce irin ta macen da ta tsinci kanta cikin maza, ko kuma tsabar son tsabta ce ta mai aikin asibiti. Babu wanda ya lura cewa faɗin da take aunawa faɗin keken guragu ne.

Balbela ake ce mata. Mijinta ne ya laƙaba mata sunan tun suna sabon aure, saboda farar rigar aiki da dogon wuya, da kuma yadda take bin bayansa ba ta cewa uffan. Sunan ya bi ta har wurin aiki. A ɗakin wankin wani babban asibiti take, can bayan kicin, inda injina ke ruri tun safe, tururi ya rufe tagogi, warin maganin wanki ya kama tufa da gashi har mutum ya daina jin sa. Zannuwan gado take karɓa da duk abin da marasa lafiya suka bari a jikinsu, ta ware masu jini daban, ta loda, ta kwashe, ta ninke. Bayan hannuwanta ya tsattsage kamar gindin tafkin da ya ƙafe. Ba ta da yawan magana. Abokan aikinta sukan ce ranar da Balbela ta yi dariya da sauti, injinan ma sai sun tsaya saurare.

Mijin kuwa Injiniya ake kiransa, ko da yake bai taɓa leƙa ajin injiniyoyi ba. Makaniken injinan tura ruwa ne. A tafkunan nan ya yi aikinsa kaf, inda ƙazamin ruwan gari ke taruwa ya kwanta, yana tacewa daga wannan tafki zuwa wancan kafin a sake shi. Wuri ne da mutane ke toshe hanci in sun wuce a mota. Tsuntsaye ba su da wannan girman kai. Da sanyi ya shigo sai baƙi su sauko daga ƙasashen da ruwa ke daskarewa: agwagin ruwa masu tsinin wutsiya, da wasu ƙanana masu dogon baki da ke caccakar laka suna gudu kamar an aike su. Su tarar da 'yan gida, su zalɓe da kirinjijiya da kazar ruwa, a cakuɗe wuri ɗaya. Injiniya ya fara kallonsu ne don kashe lokaci, in inji ya yi zafi yana jiran ya huce. Daga baya wani baƙon ma'aikaci da ya zo duba injinan ya bar masa tsohon madubin hangen nesa. Tun daga ranar ba a sake samun kansa ba.

Ita abinci ta kai masa wata rana, ya ce ta ajiye kwanon ta riƙe wannan. Ta kara madubin a ido, ba ta ga komai ba sai gashin idonta. Ya murza mata. Sai ga kan wata agwagwa ya cika mata fuska, da ɗigon ruwa yana gangarowa a wuyanta, kusa har Balbela ta ja da baya.

"Kin gani?"

"Na gani."

Abincin ya huce a wurin, ƙudaje suka samu rabonsu.

A hankali mutane suka taru masa. Akwai Ticha, tsohon malamin firamare mai son gyara wa mutane magana. Akwai Mai Hoto, wanda ke ɗaukar hotunan mutane ya ci abinci, ya ɗauki na tsuntsaye ya ji daɗi. Akwai kuma masu zuwa su ɓace. Ƙa'idarsu ɗaya ce tak, kuma Injiniya ne ya kafa ta cikin ɓacin rai.

Akwai wata shamuwa da kan ratso da sanyi, ba irin wadda ke zuwa da damina ta yi sheƙa a bishiyar unguwa ba. Wannan ta fi girma, baƙa ce mai sheƙi, cikinta fari, baki da ƙafafu ja wur, kuma ba ta ƙaunar ɗan Adam ko kaɗan. Ita kaɗai take tafiya, ta sauka inda babu kowa, in aka dame ta ta tashi ba waiwaye. Shamuwar sanyi suke ce mata. Shekarun baya da yawa ta taɓa sauka a tafkin baya. Wani abokinsu akawu ya gan ta, ya ja bakinsa ya tsuke, yana zuwa shi kaɗai yana more kallo, sai da ta tafi ya ba da labari. Duk kwanakin nan Injiniya yana bayan katanga, kansa cikin inji, tsakaninsa da ita bai fi jifa ba. Ya yi wata da watanni bai amsa gaisuwar akawun ba. Sannan ya tara su ya ce daga yau duk wanda ya ga baƙon tsuntsu, kafin ya haɗiye yawu ya sanar da kowa.

"Tsuntsu ba gadon uban kowa ba ne," in ji shi.

Da can sai mutum ya hau keke ya bi gida-gida. Da waya ta zo aka buɗe zaure a cikinta, kowa ya jefa abin da ya gani. Balbela ta ji ƙa'idar nan a bakinsa sau ba adadi, har ta zauna mata kamar wanke hannu kafin cin abinci.

Shamuwar ba ta sake zuwa ba. Abin da ya zo shi ne ciwon suga.

Ƙusa ya taka a ɗakin inji, ɗan rauni da bai kai a ambata ba. Ya ƙi warkewa, ya ci yatsa, ya ci tafin ƙafa, aka yanke ƙafar ƙasa da gwiwa. Zannuwan ɗakin da aka kwantar da shi ta hannunta suka bi. Ba ta san wanne ne nasa ba, don haka kowanne ta ɗauka sai ta ɗauka a hankali. Aka sallame shi daga asibiti, aka kuma sallame shi daga aiki. Sannan ciwon ya hau ido. Na hagu ya mutu tukuna. Na dama yana nan, amma ya ce kamar yana kallon duniya ta gilashin da aka shafa wa sabulu. Likitar ido, wata mata mai saurin magana, ta ja Balbela gefe a baranda ta ce jijiyoyin bayan idon ne ke tsiyayar jini, an yi abin da za a iya. Babban abu, a fili, cikin haske, zai iya gani a yanzu. Sanyin baɗi kuwa, ta ce, kada a sa rai.

Balbela ba ta gaya masa ba. Shi ma bai tambaya ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana sauraren inji ya san ƙarar abin da ke shirin tsayawa.

Ciki da falo suke a wani gidan haya, tagar falon tana kallon bangon maƙwabta. 'Yarsu ɗaya, tana aure a wani gari mai nisa, takan kira in ta samu sarari. Balbela ta roƙi mai kula da siton asibiti ya ba ta aron wani tsohon keken guragu da aka jingine, wanda tsatsa ta hana shi naɗewa, tayar hagu kuma tana ja gefe kamar akuya mai taurin kai. Ta turo shi gida, ta goge, ta ɗaura masa matashi.

"Malam, gobe ba ni da aikin safe. In tura ka mu je?"

"Ki tura ni? Buhun siminti ne ni?"

"Buhun siminti ba ya surutu."

"To in je in ga me? Kirinjijiya? Na san kakanninsu. Su Ticha su taru a kaina suna sannu, sannu, kamar an zo mini ta'aziyyar kaina? A'a. Ke dai ki je ki gano mini. Ranar da shamuwar ta zo, ko a wuya ne ki ɗauke ni."

"Da wannan tumbin?"

"To dogon wuyan naki na mene ne?"

Haka aka zauna. Kullum da sassafe, kafin ta shiga aiki, sai ta rataya madubinsa ta bi ta tafkunan. Da yamma ta dawo da warin maganin wanki a jikinta, ta tarar ya juyo da kujera yana fuskantar ƙofa kamar alƙali.

"Me kika gani?"

"Agwagi sun ƙaru. Masu tsinin wutsiya sun iso."

"Maza ko mata?"

"Duka."

"Duka ba amsa ba ce, Balbela. Ina suka tsaya? Suna kiwo ne ko barci? Ke in aka aike ki kallo sai ki dawo da rabin labari, kamar mai kai saƙon bebe."

Sai ta zauna a bakin gado ta warware masa tiryan-tiryan, shi kuma ya lumshe idon da ya rage yana gyaɗa kai. Ba ta taɓa ƙara masa ko gashi ɗaya ba. Ranar da ba ta ga komai ba sai ta ce ba ta ga komai ba, ya yi tsaki ya juya fuska bango. A tsakanin wannan zuwa da dawowa ne take gyaran hanya, dutse bayan dutse, ba ta gaya wa kowa ba, har shi.

Sanyin ya yi nisa. Agwagi suka fara raguwa, 'yan ƙananan nan masu caccakar laka suka yi ƙiba suna shirin komawa inda suka fito. A gida kuma Injiniya ya fara miƙa hannu gefen kofi maimakon kan kofin. Ta ga haka, ta koma sa masa shi a tafin hannu ba tare da ta ce komai ba.

Ranar da abin ya faru, tururi ne kwance a kan ruwa, ciyawa jiƙe da raɓa. Ta bi hanyarta har tafkin baya, wanda ruwansa ya fi na sauran tsabta, marar zurfi, mai ƙananan kifaye. Can gefen babban bututu ta hango wani baƙin abu. Ta ɗauka leda ce ta maƙale a kara, har ta kau da kai. Sai abin ya ɗaga ƙafa.

Ta durƙusa a bayan bututun. A cikin madubi ƙafar ja ce kamar an tsoma ta a fenti. Bakin ma ja, dogo, miƙaƙƙe. Da rana ta ɗan taɓa bayanta sai baƙin ya yi wani kore-kore mai sheƙi, irin na wuyan tantabara. Tana takawa a hankali cikin ruwan, ta tsaya, ta karkata kai, ta sake takawa, kamar matar da ta shigo gidan da ba ta yarda da mutanensa ba.

Hannun Balbela ne ya ciro wayar, ba ita ba. Ta kara a baki ta yi raɗa:

"Salamu alaikum. Ta zo. Shamuwar sanyi. Tana tafkin baya, wajen babban bututu. Don Allah kada kowa ya matsa, zan je in ɗauko Malam."

Ta tura. Ko a ranta bai zo ba cewa tana iya ɗauko shi tukuna ta sanar daga baya. Ba ta kuma san cewa zauren ya daɗe da daina zama na 'yan mutanen da ta sani ba. Ɗalibai sun shigo, abokan Mai Hoto sun shigo, masu sababbin kyamarori sun shigo, har mutanen wasu garuruwa. Ita ba ta bin rubuce-rubucen da ake yi a ciki, murya kawai take turawa ta rufe. Ta ja da baya da rarrafe har ta fita daga idon tsuntsuwar, sannan ta miƙe ta ruga titi ta tari mai babur.

A ƙasa ta same shi, tsakanin gado da ƙofa, yana jan jiki, ƙafar wando ɗaya a sanye, wayarsa a kan tabarma tana maimaita muryarta.

"Kin tabbata? Bakin ja ne?"

"Ja."

"Ƙafa fa?"

"Ja wur."

"Ba zalɓe ba ne ya yi wanka da laka?"

"Malam, ni za ka koya wa zalɓe? Kama wuyana."

Ta ciccibe shi ta ɗora a keke. Sai ta tuna bai yi allurar safe ba, kuma in an yi allura dole ya ci wani abu.

"Bar allurar nan, mu tafi!"

"In ka faɗi mini a titi fa? Wancan karon wa ya ɗauke ka?"

Ta ɗaga rigarsa ta soka masa a ciki, gaggawa ta sa har sai da ta sake. Ya tura burodi a baki, ya kora da shayin da ya ƙona masa harshe, yana mata faɗa da cikakken baki. Sannan ya ce ba zai je da rigar barci ba, a ciro masa kakin aikinsa.

"Yanzu fa kake cewa mu yi sauri."

"Shekara nawa ina jiranta, in je mata kamar wanda ya tsere daga asibiti? Ciro."

Kakin yana can ƙasan akwati. Ta ciro, ta zura masa, maɓallan tsakiya suka ƙi haɗuwa, aka bar su a buɗe. Maman 'Yan Biyu, maƙwabciyarsu ta ɗakin ƙofa, ta saki tsintsiya ta zo ta kama musu keken suka tsallake dokin ƙofa.

"Lafiya da sassafe? Jikin ne?"

"Baƙuwa muka yi, Maman 'Yan Biyu," in ji Injiniya. "Daga nesa. Za mu je tarba."

"Ikon Allah! To a gaishe ta."

Keken ba ya naɗewa, ba abin hawan da zai ɗauke shi, sai turawa. Ta bi gefen titi, masu mota na danna mata oda, tayar hagu na jan su wajen kwata, ita tana dannewa da kafaɗa. Zufa ta jiƙa mata baya duk da sanyin. Shi kuwa madubin na cinyarsa, yana ta goge gilashin dama da bakin hannun riga. Na hagun bai taɓa shi ba.

"Yi sauri, Balbela. Kai, a hankali, za ki zubar da ni! In mun je ki juya ni yadda rana za ta zama a bayana. Ƙafafun zan fara nema, ja ya fi saurin shiga ido. Kina ji?"

"Ina ji."

"Kada ki yi mini magana in ina kallo."

"Yaushe na taɓa yi maka?"

Ya yi dariya, irin wadda ta daɗe ba ta ji ba. Ita ba ta da numfashin tayawa.

Tun daga ƙofar hukumar ta ga motoci.  Hanyar da ta share duk tsawon sanyin nan, motoci da babura ne jere a kanta, an ajiye kowanne inda mai shi ya ga dama. Wurin da ta cike da ɓaraguzan bulo, tayar wata mota ta burma shi. Dole ta sauka cikin ciyawa, ƙananan tayoyin gaba suka nutse a laka. Tana cikin ja da turawa sai ga Ticha a guje, hula a karkace.

"Na hana su, Injiniya, wallahi na hana su! Ba sa ji! Rabinsu ma ban san su ba."

"Tana nan?"

"Tana nan. Amma ta daina kiwo, ta miƙe wuya."

"Kama, Ticha," in ji Balbela. "Bar magana, kama gaban."

Babu wanda ya zo da mugun nufi a cikin mutanen nan. Mai Hoto ya kwanta rub da ciki a bayan bututu, inda ya kamata, bai motsa ba. Wani da kyamararsa ba ta kai tasa jawo nesa ba ya wuce shi da taku ɗaya. Wani ya ga an wuce, shi ma ya ƙara taku ɗaya a kan na wancan. Masu ɗauka da waya su suka fi kowa buƙatar kusanci. Haka layin ya yi ta tsiyaya gaba, kowa yana ganin ai shi ɗan kaɗan ya matsa.

Suna shan kwanar ƙarshe, Ticha a gaba da tayoyi a hannu, ita a baya, suka ji fuka-fukai sun bugi iska, aka kuma ɗauki ihu: "Ta tashi! Ta tashi!"

Balbela ta gan ta. Ta ɗago da nauyi, wuya a miƙe, jajayen ƙafafu na bin bayanta, farin cikinta ya haska sau ɗaya, ta karkata ta haye katanga, ta nufi wajen da rana take.

"Ina? Ta ina? Balbela, ta ina?"

Ta saki keken ta kama kansa da hannu biyu ta juya. Ya ɗaga madubin, rana ta doke shi a ido ya kauce, ya sake ɗagawa. Kafin nan ta zama ɗigo. Ita kanta Balbela da ƙyar take riƙe da ita.

Sai madubin ya tsaya cak a kan wani abu.

"Na gan ta! Balbela, na gan ta! Ga ta can tana juyi, baƙa!"

Ta bi inda ya nufa. Wani baƙin tsuntsu ne ke shawagi ƙasa-ƙasa a saman bola, yana murza wutsiya. Ticha ya dube ta, ya ɗan gyaɗa mata kai, idonsa na roƙo.  Ta buɗe baki. Ba ta taɓa ƙara masa ko gashi ɗaya ba, amma a wannan karon kalmar ta hau harshenta, saura ta faɗo. Sai tsuntsun ya saki kukansa, siririn fito mai rawa, wanda duk mai kiwon kaji ya sani.

Injiniya ya sauke madubin a hankali.

"Shirwa," ya ce. "Ko ba haka ba?"

"Shirwa ce, Malam."

Mutane suka fara dawowa ta gefensu, kowa kansa a cikin kyamararsa, ana nuna wa juna, ana dariya. Wani yana cewa ya same ta daidai lokacin da ta buɗe fiffike. Wani ya ce Allah ya saka wa matar da ta sanar da alheri, bai san ita ce tsaye a gabansa da laka har ƙauri ba. Mai Hoto ya zo ƙarshe, gaban rigarsa duk ciyawa. Ya durƙusa a gefen keken, ya kasa haɗa ido da Balbela.

"Baba, ka yi haƙuri. Ga ta nan, na same ta sosai. Duba."

Ya kara masa ɗan gilashin bayan kyamarar a fuska, abin da bai fi akwatin ashana ba. Injiniya ya matso da ido, ya ja baya, ya karkata kai.

"Ta yi kyau," ya ce. "Ka iya aikinka."

Suka zauna jira. Motoci suka watse ɗaya bayan ɗaya. Ticha ya tsaya da su har rana ta ɗaga, ya yi ta bayanin yadda ya kamata a sake tsara zauren, sannan shi ma ya yi sallama. Tururin kan ruwa ya baje, wari ya taso. Kirinjijiya suka dawo wurin da shamuwar ta tsaya suna ta hayaniyarsu. Wayar Balbela ta yi ƙara, shugabar ɗakin wanki ce, ta bar ta ta gaji ta katse.

"Ni na jawo," ta ce. "Da na ɗauko ka tukuna."



"Da kin yi haka, da kin zama akawu."

Wasa ya so ya yi, amma muryar ba ta ɗauka ba. Ba wanda ya yi dariya.

"Ƙa'ida ce," ya ce. "Ni na kafa ta. Kin yi daidai."

Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Ta tsuguna tana cire ciyawar da ta nannaɗe a taya.

"Wataƙila gobe ta dawo."

"Balbela. Ke ma kin san ba ta dawowa."

Ya cire igiyar madubin daga wuyansa ya miƙa, ba daidai inda take ba, ɗan gefe. Ta matsa ta karɓa.

"Riƙe. Ya yi mini nauyi. Mu je gida, jikina ya fara rawa."

Komawar ta fi zuwan tsawo. Bai ce ta yi sauri ba, bai ce ta yi a hankali ba. A gida ta cire masa kakin, ta ba shi abinci ya ci kaɗan, ta kwantar da shi. Wayarsa ta yi ƙara, 'yarsu ce, muryarta har falo.

"Baba! Na ga hoton tsuntsunka yana ta yawo a waya! Ita ce ko? Wadda kake ba ni labari tun ina yarinya? Ka gan ta?"

"An gan ta, uwata," ya ce. "An gan ta. Ya yaran?"

Da ya ajiye wayar ya juya fuska bango. Balbela ta ɗauka barci ya yi, har ta kai ƙofa.

"Gobe ki mayar musu da kekensu. Akwai masu buƙata."

Ta tsaya da labule a hannu. Sannan ta sake shi ta fita.

A tsakar gida an kawo ruwa, mata sun jera bokitai a bakin famfo. Maman 'Yan Biyu ta ɗago kai.

"Maman yara, kun dawo? Ya baƙuwar taku?"

"Ta wuce."

"Af! Ko ruwa ba ta tsaya ta sha ba?"

Balbela ta ɗauko bokitinta daga bayan ƙofa, ta ɗauraye shi, ta ajiye a ƙarshen layi, ta tsaya jiran a zo kanta.